Kujera ɗaya, dare uku: sharhina kan tikitin opera, bale da wasan daɓe

Ƙanwata ce ta ja ni cikin wannan harka. Gidan wasan yana sayar da wani tikiti na haɗaka, ka biya sau ɗaya ka kalli wasanni uku a zango guda: opera ɗaya (wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa), rawar bale ɗaya, da wasan kwaikwayo na daɓe ɗaya. Sharaɗinsu shi ne kujerar da ka zaɓa ita ce taka a duk dararen ukun, babu canji. Da muka buɗe taswirar zauren a shafinsu na intanet, muka ga kujerun ƙasa na kusa da dandamali sun fi ƙarfin aljihunmu, sai muka haura bene na uku, layi na biyu, ɗan gefen hagu. A taswira komai ya yi kyau, ɗigo-ɗigo ne masu launi. Ba wanda ya gaya mana akwai wani ƙarfen kariya a bakin benen da zai riƙa gitta mana ido duk lokacin da ɗan wasa ya matso gaba. Yanzu zangon ya ƙare, kuma abin da na fito da shi shi ne kujerar nan ɗaya ta yi mana adalci a dare ɗaya, ta yi rabin adalci a wani, ta cuce mu a na ukun.

Da opera aka fara, La Traviata ta Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya. Kafin daren, iyakar sanina da opera shi ne gutsattsarin bidiyo a waya, mutane suna kwarara murya da yaren da ban ji. Na shiga ne da shirin gyangyaɗi. Abin da ya fara kama ni tun kafin a ɗaga labule shi ne ramin makaɗa da ke gaban dandamali. Daga sama muna ganin cikinsa tas, na ƙirga mutum kusan sittin, kowa da 'yar fitilarsa a kan takardar kiɗa. Wani mai busa ya ja sauti ɗaya siriri, sauran suka daidaita kayansu da shi, aka rage fitilu, jagoran makaɗa ya shigo ya ɗaga hannu. Sai masu goge suka fara a hankali, a hankali ƙwarai, har na ji kamar in riƙe numfashi kada in dame su. Wannan sanyin sauti bai taɓa zuwa kunnena ta lasifika ba, domin lasifika ko dai ta ƙara masa ƙarfi ko ta haɗiye shi.

Mawaƙan kuwa ba sa riƙe makirufo, ba a kuma maƙala musu shi a jiki. Mutum ɗaya ne tsaye can ƙasa, tsakaninmu da shi akwai makaɗa sittin suna aiki, amma muryarsa ta ƙetare su ta hau bene uku ta same ni a kujerata kamar yana gefena. Daga baya na bi diddigin yadda hakan ke yiwuwa. Wani masanin sauti ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya nuna a shekarun 1970 cewa horon da ake yi wa mawaƙan opera, musamman maza, yana tara wa muryarsu ƙarfi a wani mataki na sama, wajen kaɗawa 3000 a daƙiƙa, inda kayan kiɗan ba su da ƙarfi sosai. Wato ba ihu ne ke fitar da su ba, wata kafa ce da makaɗa suka bari, su kuma suka koyi bi ta cikinta. Kuma dole ce ta haifar da wannan fasaha: gidan opera na farko na duk mai kuɗin shiga an buɗe shi ne a birnin Benis na Italiya tun a 1637, ƙarnuka kafin wutar lantarki, don haka murya da ginin zaure tare suka girma, kowanne yana gyara ɗan'uwansa. Har yau babban gidan opera na Metropolitan da ke New York, mai kujeru kusan 3,800, da tsurar murya ake cika shi. A nan kujerarmu ta yi mana rana, domin sautin yana iso mu tas. A hutun farko wani dattijo da ke kusa da mu, wanda ya ce shekara da shekaru yana zama a wannan layin, ya gaya min masu zuwa don kunne nan suke hawowa da gangan.

Sai dai daren bai fara da daɗi ba. Ana gab da farawa wani mutum ya fito gaban labule da takarda a hannu, tun kafin ya buɗe baki na ji zauren ya yi gunaguni, alamar sun san me irin wannan fitowa take nufi. Ya ce mawaƙiyar da aka tallata ba ta da lafiya, wadda ke zaman ko-ta-kwana ce za ta hau. Ba a mayar da ko sisi, domin a bayan tikitin an rubuta cewa suna da ikon sauya 'yan wasa. A kashi na farko tsoro ya bayyana a muryar yarinyar. Waƙar da ke rufe wannan kashi tana da hawa da sauka masu sauri, kuma a wani hawan muryarta ta ɗan tsage, kowa ya ji, ba kuma yadda za a ce a sake ɗauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga ƙanwata ta dafe baki.

To amma a kashi na biyu, inda mahaifin saurayinta a labarin ya zo yana roƙonta ta rabu da ɗansa don kada auren 'yarsa ya lalace, sai ta zama wata daban. Ta daina faɗa da waƙar. Akwai wurin da ta amince da roƙon, ta sauke murya ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta, zauren ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, tsigar jikina ta tashi. Ina ganin da ba mu ji tuntuɓen farko ba, da wannan wurin bai kama mu haka ba, domin duk mun koma muna yi mata fargaba, muna so ta kai labari. Wasan ma kansa da tuntuɓe ya fara rayuwa: a daren farkonsa a Benis, cikin Maris na 1853, 'yan kallo dariya suka yi ta yi, har da ganin mawaƙiya mai jiki tana fitowa a matsayin wadda tarin fuka ya cinye, Verdi da kansa ya kira daren faɗuwa. Shekara guda bayan nan aka sake yin sa a wani gidan da wasu mawaƙan, ya karɓu.

Aibin opera ba ɓoyayye ba ne, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Na farko, yare. Da Italiyanci ake rerawa, ana haska fassara a wani dogon allo saman dandamali, dabarar da aka fara a Toronto ta Kanada a 1983. Tana da amfani ƙwarai, amma ido ɗaya ba ya kallon wuri biyu. Ina karatu a sama, abu yana faruwa a ƙasa. Wani lokacin ma fassarar ta riga mawaƙi, jama'a su yi dariya kafin ya kai ga maganar. Na biyu, jan rai. Jimla ɗaya ana iya rera ta minti biyu ana maimaitawa, kuma matar da ake cewa tana gargara tana da numfashin da za ta cika zaure na kusan rabin awa. Wanda ya saba da saurin fim zai ƙosa. Kiɗan duka bai wuce awa biyu da 'yan mintoci ba, amma da hutu biyu sai da muka haura awa uku a ginin.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne aikin daraktan. Ya ɗauko labarin ya dawo da shi zamaninmu, bangon gilashi, baƙin biki kowa da waya yana ɗaukar hoto. Sai ga shi a kashi na ƙarshe matar tana kwance tana karanta wasiƙar takarda da ta daɗe tana jira, tana mutuwa da cutar da aka samu maganinta tun shekarun 1940, ba asibiti ba allura. Ina wayoyin suka shiga? Na faɗa wa dattijon nan haka, sai ya yi murmushi ya ce ai Verdi ma da kayan zamaninsa ya so a yi wasan, masu gidan ne suka tilasta masa mayar da shi baya zuwa wajen 1700. Na bincika, gaskiya ya faɗa. Na yarda daraktan yana da hujjar dawo da shi yau, amma wanda ya ɗauki wannan hanya sai ya bi ta har ƙarshe, ba ya tsaya a tsakiya ba.

Dare na biyu na bale ne, Swan Lake, kiɗan Tchaikovsky. An fara yin sa a Mosko a 1877, amma tsarin rawar da yawancin gidaje ke ginawa a kai yau na Marius Petipa da Lev Ivanov ne, wanda aka nuna a Sant Fitasbag a 1895. Ba a magana ko ɗaya, ba a waƙa. Na yi zaton a nan ne barci zai ɗauke ni, sai ya zama daren da na fi jin daɗin tsayin kujerarmu. Lokacin da mata ashirin da huɗu cikin fararen kaya suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka yi layi, layin ya karye ya zama da'ira, da'irar ta buɗe ta zama kusurwa mai tsini, daga sama ne kawai ake ganin zanen. Wanda ke layin gaba a ƙasa ƙafafu da riguna yake gani suna wucewa. Mu kuwa kamar muna kallon saƙa ana yin ta ana warwarewa.

Akwai abubuwan da ba a ji a bidiyo. Takalman da suke tsayawa a kan tsinin yatsu da su, bakinsu yadi ne da takarda aka jera aka daskarar da gam, babu katako babu ƙarfe, kuma babbar 'yar rawa tana iya kashe guda biyu a dare ɗaya. Idan mutum ashirin da huɗu suka yi gudu da su a kan katakon dandamali, ana jin ƙwas-ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin kiɗan. Da farko ya dame ni, daga baya ya zama abin da ke tuna min mutane ne masu nauyi suke ƙoƙarin nuna ba su da shi. Mun yi hayar ɗan madubin hangen nesa a ƙofa, muna karɓa-karɓa. Da na ɗora shi kan wadda ke ƙarshen layi, alhali suna tsaye cak suna jiran manyan biyu su gama rawarsu, sai na ga ƙafar da ta tsaya a kai tana rawa kaɗan-kaɗan, ƙirjinta yana hawa yana sauka, gumi ya jiƙa bayan wuyanta, amma fuskarta ko gezau. Na fi minti guda ban ɗauke madubin daga kanta ba, har ƙanwata ta zungure ni ta ce, "Yaya, ba kai kaɗai ka biya ba fa."

A kashi na uku akwai sanannen wurin da tauraruwar ke juyawa sau 32 a kan ƙafa ɗaya ba tare da ta sauke ɗayar ba, abin da 'yar Italiya Pierina Legnani ta shigo da shi cikin Swan Lake a wancan wasan na 1895. Kusa da ni na ji mutane suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Ta kai, amma ta gusa daga inda ta fara zuwa gaban dandamali, kuma a nan ƙarfen benenmu ya gitta daidai idon sawunta. Juyi goma na ƙarshe daga gwiwa zuwa sama na gani. A rawar da duk sirrinta yana ƙafa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Haka nan kusurwar hagu ta baya ba ma ganinta sam, mugun da ke cikin labarin sau biyu yana shigowa ta can, sai dai mu ji kiɗa ya canza mu ga sauran suna ja da baya.

Bale yana da nasa nauyin kai. Labarin yakan tsaya cik a jera raye-raye ɗaya bayan ɗaya waɗanda ba su ƙara masa komai, kuma bayan kowace sai an yi tafi, 'yar rawa ta fito daga cikin baƙin cikin da take ciki ta rusuna tana murmushi, sannan ta koma. Akwai kuma maganar hannu da suke yi: dafa zuciya so ne, nuna yatsan zobe aure ne, gicciye dunƙulallun hannuwa a ƙasa mutuwa ce. Wanda bai karanta ɗan littafin bayanin da ake rabawa ba zai zaci miƙa suke yi. Al'ada ce tsohuwa da ta taso daga fadar Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661, shi ya sa har yau sunayen motsin da Faransanci suke a ko'ina. Ƙarin bayani ga mai shirin zuwa da iyali: kayan 'yan rawan, maza da mata, matsattsu ne ƙwarai, gara mutum ya san haka kafin ya sayi tikiti.

Wasan daɓen shi ne ya fi ba ni takaici, ko da yake rabin laifin nawa ne. Na makara da minti huɗu. Na tarar an rufe ƙofa, ma'aikaciyar ta ce cikin ladabi, "Yi haƙuri yallaɓai, sai an canza fage." Na zauna a farfajiya ina kallon wata 'yar talabijin mai dishi-dishi har minti ashirin, da tikitina a hannu. Dokar tana rubuce, ban da bakin magana.

Da na shiga kuma sai na tarar ban tsira da yawa ba. Sabon wasa ne na mutum huɗu, 'yan'uwa da suka haɗu a falon mahaifinsu bayan rasuwarsa, kuma irin wasan nan ne da ake yi da ido da ɗan motsin baki da shiru. Daga bene na uku kawunan mutane nake gani. In ɗaya ya juya baya ya yi magana ƙasa-ƙasa, rabin jimlar ba ta iso mu. Sau uku 'yan ƙasa suka fashe da dariya muna kallon juna. Tsoffin Girkawa sun cika filin wasa na Epidaurus mai ɗaukar mutum wajen 14,000, amma da abin rufe fuska da murya mai kauri da motsi manya suka yi, wasan an ɗinka shi daidai girman wurin. Wannan kuwa wasan ƙaramin ɗaki ne aka zuba a zauren opera. Ga tari daga kowace kusurwa, ga wata waya da ta yi ƙara daidai lokacin da ɗan'uwan ya yi shiru zai faɗi abin da aka yi awa guda ana jira. Ya dakata, ya jira ta mutu, sannan ya faɗa, amma abin ya riga ya huce.

Duk da haka a daren ne na ga abin da har yanzu nake tunawa. Kofin gilashi ya suɓuce daga hannun ɗaya daga cikin matan ya tarwatse, kuma daga yadda abokin wasanta ya zabura na san ba ya cikin shiri. Ba ta tsaya ba. Ta durƙusa tana tsince gutsattsarin ɗaya-ɗaya tana zubawa a tafin hannunta, tana ci gaba da zancen mahaifinsu, muryarta tana fitowa daga ƙasa. Wurin ya fi yadda aka rubuta shi kyau, kuma 'yan daren gobe ba za su gan shi ba.

Tsadar fa? Na daina ganin kwaɗayi ne tun da na ƙirga mutanen da suka yi min aiki a daren opera: makaɗa sittin, 'yan amshi wajen arba'in, manyan mawaƙa, masu jan labule da kaya, masu fitila, masu ɗinki. Wasu masana tattalin arziki biyu 'yan Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana matsalar tun 1966. Masana'anta tana iya sa inji ta rage ma'aikata, amma kiɗan da aka rubuta wa mutum huɗu shekara ɗari biyu da suka wuce yau ma mutum huɗu yake buƙata da mintoci iri ɗaya, albashi kuwa yana ta hawa. Shi ya sa tikiti ke da tsada, kuma duk da tsadar ba ya biyan kuɗin wasan sai an haɗa da tallafin gwamnati ko na masu hannu da shuni. Fahimtar dalili dai ba ta rage wa aljihu zafi.

Don in gwada, bayan zangon na je silima na kalli irin waɗannan wasanni da ake ɗauka kai tsaye ana haskawa, tsarin da gidan Metropolitan ya fara a 2006, gidan wasan ƙasa na Landan ya biyo baya a 2009. Abin ya juye min. Wasan daɓe ya ƙaru ƙwarai, na ga ido, na ji raɗa, na samu duk abin da bene na uku ya hana ni. Opera kuwa ta ragu: makirufo ya daidaita kowa, mai ƙaramar murya da mai babba duk ɗaya, kuma kyamara ta matso har ina ganin gam ɗin gashin kanti a goshin mawaƙi. Bale ya fi kowa asara, domin daidai lokacin da nake son ganin layin nan yana karyewa sai a yanko min fuskar mutum ɗaya. A zaure ni ke zaɓar inda zan duba, a silima wani ne ya zaɓa min.

Sauran hidimar gidan babu yabo babu fallasa. Ma'aikatan suna da fara'a, ɗan littafin bayanin an rubuta shi da kyau, saƙon tunatarwa yana zuwa kwana biyu kafin wasa. Kujerun benen matsattsu ne, gwiwata tana manne da bayan ta gaba duk dare, layin banɗakin mata kuma yana cinye hutun gaba ɗaya, sau biyu ƙanwata tana dawowa a guje ana kaɗa ƙararrawa ta ƙarshe. Bayan daren bale na je wurin sayar da tikiti na roƙi a sauya mana kujera don wasan daɓen, na ce zan cika kuɗi. Aka ce tsarin haɗakar bai yarda ba, ko da kuwa akwai kujeru a ƙasa, kuma a daren na hango su layi guda babu kowa. Ba su kuma sa wa kujerarmu alamar cewa akwai abin da ke tare gani ba, alhali sun sa wa na bayan ginshiƙi.

Takardar sabunta tikitin ta zo makon jiya, ban cike ta ba. Na sayi na opera shi kaɗai a benen nan na uku, amma tsakiya, layi na huɗu, inda ƙarfen ba ya kaiwa ido. Na bale mun sauko bene na farko, ƙanwata ta ce ita za ta biya bambancin muddin ba za mu sake raba madubi ɗaya ba. Wasan daɓe kuwa na samu wani ƙaramin zaure mai kujeru ba su kai ɗari biyu ba, na kama layi na biyar, kuma na sa ƙararrawar wayata awa guda kafin lokaci.